Kulocin tsere ya mutu ko shekara bai yi ba: laifin kaya ne ko na ƙafa?

Ɗan_Aboabo
Assalamu alaikum jama'ar gida. Masu sanin ƙarfe ku taimaka mini. Motata Mustang GT ce ta 2016, manuwal mai giya shida, injin 5.0, daga kamfani doki 435 gare ta. Bara na ɗora mata sufacaja, na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska, takardar kayan ta ce za ta kai doki 670. Ana gama aikin kulocinta na asali ya fara zamewa, wannan kam ban yi mamaki ba. Sai na yi odar na tsere daga Amurka, irin mai kunnuwa shida ɗin nan na siramik, wato farantinsa an yanka shi gida shida maimakon cikakken zagaye, a kwalin an rubuta steji 4. Kuɗin kaya da na jirgi da na kwastan, kada ma ku tambaya. To ga shi ko shekara bai yi ba, in zan tashi sai mota ta riƙa karkarwa har dashbod na kaɗawa. In na shiga cunkoson shataletalen Suame wari ke tashi. Jiya kuma a hanyar Ejisu na taka totur a giya ta biyar, allurar juyin inji ta haura sama amma mota ba ta ƙara gudu ba. Dama haka kulocin tsere yake, ba ya ƙarko? Ko jabu aka aiko mini? Wanda ya taɓa sa irinsa ya daɗe masa, ya faɗa mini wanne ne.

Yaron_Nima
Wa alaikumus salam. Doki 670 a cikin Kumasi? Yaya, ina za ka sake su, Kejetia ko Alabar?

Ɗan_Aboabo
Kai dai in kana da amsa kawo.

Masta_Magazin
Amin wa alaikumus salam. Ƙanena, kafin a zagi kaya bari in ji. Da aka sauke giyabos, me aka yi wa fulawil, faifan ƙarfen bayan inji da farantin kuloci ke mannewa a kai? Sabo aka sa, an kai shi an sassaƙe fuskarsa, ko haka aka mayar da shi? Kuma bayan an ɗaura, yaya ka tuƙa ta a makonnin farko?

Ɗan_Aboabo
Masta, fulawil ɗin na asali ne, fita ya goge shi da sanfefa ya ce ba komai. Boris ɗin da ke sakin kuloci in an taka feda kuma an sa sabo. Takardar cikin kwali ta ce a lallaɓa ta mil 500, wajen kilomita 800 ke nan. Na je Ankara na dawo, sauran na cika a gari, sannan na fara taka ta.

Masta_Magazin
To ka ga inda gizo ke saƙa. Kumasi zuwa Ankara wajen kilomita 250 ne, zuwa da dawowa 500, amma sau nawa ka taka kuloci a ciki? Ka sa giya ta shida ka miƙe, faranti yana manne da fulawil, ba abin da yake gogawa. Abin da masu kayan ke nufi tuƙin cikin gari ne, tashi da tsayawa, canjin giya ɗaruruwa a hankali, har fuskar faranti ta kwanta daidai a kan ƙarfe. In ba ta kwanta ba, ɗan tudu-tudun da ke taɓawa su kaɗai ke ɗaukar wutar duka. Maganar sanfefa kuwa, ga Corolla ma ban cika yarda da ita ba, balle motar da tsohon kulocinta ya riga ya zame ya gasa fulawil. Ƙarfe in ya gasu yakan yi tabo masu tauri, launin shuɗi. Sanfefa tana share launin, taurin yana nan. Sabon faranti in ya zo kan tabon sai ya kama nan ya saki can. Karkarwar da kake ji ke nan.

Injiniya_Tema
Masta ya yi gaskiya, amma ni ina ganin tun wajen saye aka bar hanya. Ɗan_Aboabo, takardar sufacajar ta faɗi tok nawa, wato ƙarfin murɗawar inji?

Ɗan_Aboabo
545 lb-ft.

Injiniya_Tema
A ma'aunin niyuton-mita, wato Nm, wajen 740 ke nan, ita kuma da 400 lb-ft ta fito, wato kusan Nm 540. Wannan lambar za ka riƙa dubawa, domin kuloci ba ruwansa da doki, ƙarfin murɗawar inji yake riƙewa. Doki lissafi ne: tok sau juyin inji a minti, a raba da 5,252. Shi ya sa zamewa take fara bayyana a babbar giya lokacin da inji ke tsakiyar juyinsa, kamar yadda ta yi maka a hanyar Ejisu.

Abin da ke sa kuloci ya riƙe shi ne yadda lainin, wato abin gogayyar da ke fuskar faranti, ke kama ƙarfe, da ƙarfin matsar firesha filet, murfin da ke danne faranti a kan fulawil, da faɗin faranti, da yawan fuskokin da ke gogayya. Faɗi ba yadda za ka yi da shi, gidan giyabos ya riga ya yanke hukunci. Hanya mafi araha ga masu ƙera kaya ita ce su sa lainin siramik mai cizo, su yanka shi kunne-kunne, su ƙara wa sifirin tauri. Zai riƙe tok ɗinka, ba musu. Amma riƙewa daban, daɗewa daban.

Abin da ke cin kuloci zamewa ce. Duk lokacin da inji ke juyi da wani gudu, faranti na juyi da wani, bambancin nan zafi yake komawa. Ɗauki misali: kana tsaye a ɗan hawa, ka riƙe mota da rabin kuloci, inji na juyi 1,500, yana tura Nm 50 kacal. Wajen kilowat 8 ke nan na zafi, kamar ka jona dutsen guga biyar ka kulle su a cikin tukunya ɗaya. Kuma in ka ninka juyin da kake tashi da shi, zafin tashin ba ninki biyu yake yi ba, wajen huɗu yake yi. To shi mai kunnuwa ba a yi shi don rabin kuloci ba. Ko a kama ko a saki. A filin tsere sau ɗaya ake tashi. Kai kuwa daga Aboabo zuwa Suame sau nawa kake tashi? Don kada ya fizge ka ka daki bayan trotro, dole ka ƙara totur ka riƙe shi a tsakiya, wato ainihin abin da ke kashe shi kake yi masa kullum, kuma hanya ce ta tilasta maka. Shi siramik yana jure zafin na ɗan lokaci, amma fulawil da firesha filet su yake ci.

Direban_207
Ni dai ban san doki ba, ban san tok ba. Sprinter nake ja, Kumasi zuwa Techiman, cike da mutane da kaya a sama. Kuloci na kowa da kowa nake sawa, yana yi mini shekaru. Sirrin kawai shi ne in na tsaya in sa firi in ɗauke ƙafa, a hawa kuma hanbirki. Yaran yanzu ƙafarsu ba ta sauka daga kan feda.

Sarkin_Kwana
Ku yi haƙuri, amma an fara yi wa mai kunnuwa ƙazafi. Ni BMW 335i gare ni, injin turbo biyu, an ƙara mata wuta. Mai kunnuwa shida ne a ciki, a Ankara nake, cunkoson Circle da na Kaneshie ba wanda ban shiga da ita, ya haura shekara biyu bai taɓa zamewa ba. Bambancin shi ne nawa mai sifirin ne a tsakiya, kuma tare da sabon fulawil aka ɗaura. Ƙafa kuma ana koyo. Ka bar tazara tsakaninka da na gaba, ka saki gaba ɗaya mota ta gangara da kanta a giya ta ɗaya, ba ka bi ta taku-taku ba. Injiniya, lissafinku daidai ne a takarda, amma ba kowa ne ke ƙona shi ba.

Yaron_Nima
Ka bar tazara a Circle? Kafin ka ƙifta ido okada uku da taksi sun shige ta.

Injiniya_Tema
Sarkin_Kwana, 335i da 300 lb-ft ta fito. Ko an ƙara mata, da wuya ka kai inda yake, kuma steji 4 ɗinsa ba lallai ya zama irin naka ba. Amma na yarda sifirin tsakiya yana rage fizga. Ɗan_Aboabo, naka akwai sifirin?

Ɗan_Aboabo
Akwai, na gani da idona kafin a ɗaura.

Mai_Sifiya_Abossey
Bari in sa baki a kan maganar steji, tunda sana'ata ce. Ba wata hukuma a duniya da ta tsara cewa steji 2 kaza ne, steji 4 kaza ne. Kowane kamfani da nasa. Steji 2 na wannan zai iya fin steji 3 na wancan. Abin dubawa shi ne tok ɗin da suka rubuta, kuma ka tambaya a inji aka auna ko a taya, don na taya ya fi ƙanƙanta. Sannan ka bar ɗan rara a sama, kada ka sayi wanda ya yi cif da naka, kada kuma ka sayi wanda ya ninka shi don burgewa. Maganar jabu kuwa gaskiya ce, akwai shi. Ana ɗauko firesha filet na yau da kullum a fesa masa jan fenti ko ruwan ɗorawa, a sa a kwali mai kyau. Na taɓa karɓar wani a hannu, fentin har kan yatsun sifirin ya malala, ribitin kuma wani ya fi wani tsawo. Su Exedy da ACT da Sachs suna da lambar kaya da za ka iya dubawa a shafinsu. In farashi ya yi rabin na dila, ka san abin da ka saya.

Ɗan_Aboabo
Ban ce arha na saya ba, Alhaji. Amma dai ba wajen dila ba ne, a intanet ne.

Baƙon_Bronx
Salam 'yan gida, yanzu na tashi daga aiki na ga muhawarar. Ɗan'uwa, duba abin da masu ƙera motocin da kansu suke yi in ƙarfi ya yi yawa. Challenger Hellcat ta 2015 doki 707 ce, tok 650 lb-ft, kuma manuwal ɗinta faranti biyu gare ta. Corvette ZR1 ta 2009 mai doki 638, faranti biyu. Ita kanta Mustang GT, da aka kai ta doki 460 a 2018, faranti biyu aka koma sa mata. Ba ɗaya daga cikinsu da aka sa wa mai kunnuwa, domin su garanti za su bayar, kuma sun san mai motar zai shiga cunkoso. Faranti biyu fuska huɗu ke nan maimakon biyu. Da matsa ɗaya za ka riƙe kusan ninki biyu, da lainin mai taushi, feda ba ta yi nauyi ba, zafi kuma ya sami ƙarfe da yawa da zai rarrabu. A nan Amurka masu irin motarka McLeod RST suka fi sawa, an rubuta masa doki 800, lainin na yau da kullum ne. RXT na siramik ne, doki 1,000, wannan ya fi ƙarfin buƙatarka. Aibinsa tsada, kuma wasu masu faranti biyun sukan yi ƙaras-ƙaras in ka taka feda, saboda ƙarfen da ke tsakiya.

Masta_Magazin
Na yarda da faranti biyu, amma in ƙara masa aibi na uku: wa zai ɗaura? Akwai tazarar da ake aunawa tsakanin boris da yatsun firesha filet, da ma'auni, ba da ido ba. In ta yi kaɗan, boris zai riƙa danna yatsun ko ƙafarka ba ta kan feda, kuloci ya zauna a rabin saki har ya ƙone. In ta yi yawa, giya ta ƙi shiga. Magazin, unguwar makanikai ta Suame, cike take da masu hannu, ba abin da ba a ƙerawa a nan, amma wanda zai zauna ya karanta takardar cikin kwali ya ɗaure noti da sifana mai auna ƙarfi, sai an tona. Na sha ganin yaro ya rataye giyabos a kan shaf yana jijjigawa don ya shiga, tsakiyar faranti ta lanƙwashe tun mota ba ta tashi ba.

Hajiya_Tafo
Sannunku da hira. Ni motocin kaya gare ni, masu ɗauko doya da masara daga arewa, ba na tsere. Amma in gaya muku, mota iri ɗaya, kaya iri ɗaya, hanya ɗaya, wani direban zai yi shekara biyu da kuloci, wani wata shida. Har na gaji na ce duk wanda ya ƙona kafin lokaci rabin kuɗin daga albashinsa. Tun daga nan ƙarko ya zo wa kaya. Ɗana na Aboabo, ba na ce kai ne ba. Tambaya dai nake: kai kaɗai ke jan motar?

Ɗan_Aboabo
Hajiya, ƙanena yakan ɗauka wani lokaci, sai kuma yaran wanki su matsar da ita.

Yaron_Nima
An gama shari'a. Yaran wanki da doki 670!

Hajiya_Tafo
Wata tambayar ga Masta. Mu in faranti ya cinye, kaiwa muke a cire tsohon lainin a buga sabo da ribiti, kuɗin bai kai sulusin sabo ba. Shi ba za a yi masa haka ba?

Masta_Magazin
Hajiya, ga motocinku ana yi kuma yana aiki, don injin dizal ɗinku juyinsa ba ya wuce dubu uku da wani abu. Tasa tana kai 7,000. A wannan juyin, in ribiti ɗaya ya saki ko nauyi ya karkata gefe, lainin tarwatsewa yake yi, kuma gidan kuloci dab da ƙafar direba yake. Ni ba zan buga masa ba ko ya ninka kuɗin.

Nas_Asawase
Tunda an zo nan, Masta don Allah ku gaya wa yaranku su daina hure ƙurar kuloci da ta birki da iskar kwamfiresa. Tsofaffin lainin da wasu masu arha suna ɗauke da asbestos, ƙurarsa in ta shiga huhu ba ta fita, cutar kuma sai bayan shekara ashirin ko fiye take bayyana. A jiƙa tsumma a goge, a sa abin rufe hanci.

Masta_Magazin
Gaskiya ne 'yar'uwa, Allah Ya saka. Faɗa muke, ji ne sai a hankali.

Baba_Alabar
Ni tsoho ne, na ja mota tun ana bin hannun hagu a ƙasar nan, kafin a juya a 1974. Abin da nake so in sani, wannan gudun a wace hanya ake yinsa? Hanyar Ejisu da kake faɗa, mutane ke tsallakawa, 'yan makaranta da masu talla. Kuloci in ya ƙone ana sayen wani.

Ɗan_Aboabo
Baba, na ji, Allah Ya ƙara girma. Wallahi ba tsere nake da kowa ba, gwaji na yi inda hanya ta buɗe don in tabbatar yana zamewa.

Baba_Alabar
To Allah Ya tsare. Ku ci gaba.

GTI_Madina
Ni tawa ƙarama ce a kan taku, Golf GTI Mk7, Nm 350 daga kamfani. Da aka sake wa kwamfutar injin lissafi, sai na canza kuloci, aka ba ni shawara in cire fulawil mai ɓari biyu in sa dunƙulalle mara nauyi. Riƙewa kam yana riƙewa, inji kuma ya fi saurin ɗagawa. Amma in ina tsaye a firi da AC a kunne, giyabos sai ya riƙa ƙara, har masu gadi suna tambaya ko lafiya. Akwai illa?

Injiniya_Tema
Ƙarar haƙoran giya ce. Shi mai ɓari biyun, wanda LuK ta fara fitarwa a 1985, akwai sifirin a cikinsa da ke shanye bugun inji kafin ya kai giyabos. Ka cire shi, bugun ya wuce kai tsaye. Yawanci damuwa ce kawai ga kunne. Amma lura, fulawil mara nauyi yana sa tashi ya yi wuya, sai ka ƙara totur, mun koma kan maganar zafi. Ga motar cikin gari ni ba na son a rage nauyin da yawa.

Baƙon_Bronx
Wani abu ya faɗo mini, ba na kuloci ba ne amma ya fi shi tsada. Ɗan_Aboabo, lissafin kwamfutar da ya zo da sufacajar, na wane mai ne? Lambar oktan, wato ta ingancin fetur, da ke kan famfo a nan ba irin ta gida ba ce. Abin da muke kira 93 a nan ya kai wajen 98 a ma'aunin RON da kuke amfani da shi a gida, 91 ɗinmu kuma shi ne wajen 95 ɗinku. In na 93 aka loda maka kana zuba mata 95, ko ka kuskura ka zuba 91 a hanya, fistin za ka nema ba faranti ba.

Ɗan_Aboabo
Na 91 ɗin Amurka na ce su aiko, kuma 95 kawai take sha. Wannan na kiyaye.

Yaron_Nima
Ni fa duk wahalar nan ban ga dalilinta ba. Otomatik mai giya goma da ke cikin Mustang tun 2018 ta fi manuwal sauri, ba feda ba wari. Ku sayar ku huta.

Sarkin_Kwana
Wanda bai iya ba dama haka zai ce. Kuma ita otomatik ɗin cike take da kuloci a cikinta, a cikin mai suke wanka kawai. Ranar da suka ƙone za ka san farashin hutu.

Direban_207
A nan ina bayan Sarkin_Kwana. Manuwal ko a Kintampo ta lalace za ka sami mai gyara.

Fita_Kokompe
Ku dawo kan maganar mutum. Akwai abin da ba wanda ya taɓo. Firesha filet mai tauri ba ƙafarka kaɗai yake wahalarwa ba. Duk lokacin da ka taka, ƙarfin nan karanshaf yake turawa gaba, ɗan metal ɗin da ke tare shi siriri ne, kuma da safe kana taka feda ka tayar da inji tun baƙin mai bai hau ba. Masu tsofaffin Mitsubishi na injin 4G63 sun san labarin nan. Sannan a motarsa silindar da ke tura boris a cikin gidan kuloci take, inda zafin yake, kuma man birki take sha. Man birki na DOT 4 sabo sai digiri 230 yake tafasa, amma yana jan ruwa daga iska, ga damshin ƙasar nan. In ya tsufa ya sha zafi, feda ta yi laushi, kuloci ba ya saki sosai, giya ta riƙa gurnani. Tunda za a sauke giyabos, a canza silindar da man gaba ɗaya, a duba oyil sil na bayan inji. Ɗigo kaɗan na baƙin mai a kan faranti ya isa ya kawo karkarwa da zamewa duka biyu. Har yanzu fa ba wanda ya ga cikin motar nan, kowa hasashe yake.

Mai_Sifiya_Abossey
Akwai kuma Kevlar, ga mai son daɗewa. In aka lallaɓa shi yana fin lainin na yau da kullum kwana nesa ba kusa ba, kuma ba ya cin fulawil. Sai dai lallaɓarsa ta farko ta fi tsawo, in kuma ya ƙone sau ɗaya ya yi santsi, ba ya dawowa.

Injiniya_Tema
Da yaran wanki a cikin lissafi, Alhaji, ban ba shi shawarar Kevlar ba.

Ɗan_Aboabo
Jama'a na dawo, an sauke giyabos yau a gabana. Ga abin da na gani. Kunnuwa uku sun cinye har kan ribiti ya fara haske, sauran ukun da sauran nama. Fulawil ya yi tabo shuɗi-shuɗi zagaye, da wani layi da farce ke maƙalewa a ciki, da ƙananan tsaga kamar gashi. Firesha filet ma haka fuskarsa take. A ƙasan gidan kuloci akwai baƙar ƙura da ta cakuɗe da ɗan mai, in ka shafa tana manne wa yatsa. Shi farantin kansa a bushe yake a ido.

Fita_Kokompe
Ka ji ko? Mai. Shinshina shi. Na giyabos warinsa daban da na inji, man birki kuma ba ya da kauri, yana cin fenti.

Masta_Magazin
Ni ba man ne ya tsaya mini ba, cin da bai yi daidai ba ne. Uku sun ƙare uku suna nan, wannan ba aikin cunkoso ba ne. Ko faranti ya lanƙwashe wajen ɗaurawa, ko an ɗaure notinan firesha filet gefe ɗaya kafin ɗaya, ko kunnuwan tun daga kwali ba kaurinsu ɗaya ba. Ukun da suka cinye a jere suke ko a tsallake?

Ɗan_Aboabo
A jere suke, Masta, gefe ɗaya.

Sarkin_Kwana
To Injiniya, kun gani. Ba irin kulocin ba ne, hannu ne. Da an ɗaura daidai da yanzu ba a buɗe wannan zancen ba.

Injiniya_Tema
Ban gani ba tukuna. Lanƙwasa tana bayanin gefe ɗaya, ba ta bayanin tsagar fulawil. Tsaga irin wannan sai ƙarfe ya yi ta gasuwa yana hucewa. Kuma zafi da kansa yana lanƙwasa faranti, wa ya san wanne ya riga wanne? Ko an ɗaura daidai, da ya ƙara 'yan watanni ne kawai a hanyar Suame.

Mai_Sifiya_Abossey
Ni kuma ban cire jabu daga lissafi ba. Turo mini hoton lambar da ke jikin firesha filet da na ribitin ta baya.

Hajiya_Tafo
Ku dai karɓe makulli daga hannun yaran wanki kafin ku gama gardama.

Masta_Magazin
Abu ɗaya dai kada a yi musu a kansa: fulawil mai tsaga ba ya komawa cikin wannan motar, ko an sassaƙe. Sabo na ƙarfe, da sababbin notina. In kana so kawo mini tsohon farantin gobe bayan azahar in ɗora shi a kan shaf in juya, za mu ga ko yana rawa.

Baƙon_Bronx
In ka yanke shawarar faranti biyu, akwai kwantenar wani ɗan'uwa da za ta taso Tema ƙarshen wata, sai in sa maka a ciki ka huta da kuɗin jirgin sama, don da fulawil nauyi ne da shi. Amma turo mini lambar shasi, kuma ka ƙirga haƙoran shaf ɗin giyabos da kanka. Na 2018 ba ya shiga ta 2016, kada wani ya ce maka duk ɗaya ne.

Ɗan_Aboabo
Na gode ƙwarai. Masta ina zuwa goben in sha Allahu. Baƙon_Bronx, bari in ji farashin tukuna, don in ya kai yadda nake tsammani mota za ta kwana biyu a kan jak. Sarkin_Kwana, naka wane kamfani ne, kuma nawa ka saya da fulawil ɗin?

Sarkin_Kwana
Zan duba rasit in turo maka ta gefe. Amma tambayi Masta tukuna ko zai yarda ya ɗaura maka mai kunnuwa da hannunsa.

Masta_Magazin
Ɗaurawa zan ɗaura. Garanti ne ba zan bayar ba.